Ƙa'idojin Talabijin na Amurka na 1952 da Batun Duba

Ƙa'idojin Talabijin wasu sharuɗɗa ne da ƙungiyar masu gidajen rediyo da talabijin ta Amurka, NARTB, ta gindaya wa 'ya'yanta. An amince da su a Disamban 1951, suka fara aiki ranar 1 ga Maris 1952. Ba gwamnati ce ta kafa su ba, tsoronta ne ya haife su, domin a lokacin Sanata William Benton yana neman a kafa kwamitin sa ido kan shirye-shirye. Tashar da ta bi sharuɗɗan takan nuna tambarin ƙungiyar a allo, wadda ta saɓa kuwa iyakarta a ƙwace tambarin.

Cikin abubuwan da aka taka wa birki akwai duba iri-iri: na taurari, na tafin hannu, na siffar ƙoƙon kai da na lissafin lambobi. Ba a yarda a nuna su ba sai in labarin wasan kwaikwayo ko jigon shirin ya buƙata, kuma ko a nan ɗin kada a cusa wa mai kallo camfi ko a kwaɗaita masa abin. Tallarsu kuwa an hana ta ɗungurungum.

Masu tashoshin sun ga abin da ya faru a rediyo. Evangeline Adams, wata mai duban taurari wadda kotun New York ta wanke daga tuhumar duba a 1914, ta fara shiri a 1930, sai wasiƙu dubbai suka riƙa kwararowa, kowa ya rubuto ranar haihuwarsa yana tambayar aure, aiki ko kuɗi, ga shi ana tsakiyar karayar tattalin arziki.

Hanin bai kashe wannan ƙishirwa ba. Jaridu ba sa cikin yarjejeniyar, don haka mai son jin abin da burujinsa ya ce sai ya buɗe jaridar safe.

Abin da ya rusa ƙa'idojin bai shafi taurari ba. A 1979 Ma'aikatar Shari'a ta kai ƙungiyar ƙara kan ƙayyade lokacin talla, alƙali Harold Greene ya yanke hukunci a 1982, daga nan aka jingine su. Cikin shekarun 1990 tallar 'yan duba ta waya ta cika tashoshi da tsakar dare, ana cajin mai kira a kan kowane minti, kuma masu neman mafita ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A 2002 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta sa kamfanonin da ke bayan tallar wata 'yar duba ta waya mai suna Miss Cleo suka yafe wa masu kira bashin kusan dala miliyan 500, suka kuma biya tarar miliyan 5.