Waiwaye: daga zauren mai unguwa zuwa gidan mari

Duk sa'ad da aka tayar da zancen shaye-shaye da ƙauraye a Katsina, ko yaran da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya suke bara a bakin titi, sai mutane su rabu biyu. Wasu su ce a ƙaro jami'an tsaro, wasu su ce laifin iyaye ne. Da wuya ka ji an ambaci ma'aikacin jin daɗin jama'a, alhali rashinsa a tsakiyar lamarin ba yau ya fara ba.

A da, dangi da liman da mai unguwa ne ke riƙe da wannan aiki. Maraya yana da kawu, rikicin aure a zaure yake ƙarewa. Na gwamnati a Legas ya soma, da dokar yara ta 1943, Arewa ta sami irinta a 1958. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e, a 1987 aka ƙirƙiro jihar Katsina, gari ya yi ta faɗaɗa har mai unguwa ya daina sanin kowa da sunan ubansa. Ofishin jin daɗin jama'a kuwa, a idon mutane, na jaririn da aka tsinta ne da ma'auratan da sulhu ya gagara.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne Oktoban 2019. Makonni kaɗan bayan bankaɗo gidan mari na Rigasa a Kaduna, 'yan sanda suka shiga wani a Daura suka fito da mutum 67, daga ɗan shekara 7 zuwa mai 40, da yawa da sarƙa a ƙafa. Ba a jima ba aka rufe wani a cikin birnin Katsina. Hotuna suka zaga duniya, aka yi Allah wadai, aka wuce.

Rufewar daidai ce, babu mai hankalin da zai kare ɗaure ɗan Adam da duka. Amma ba sato yawancin waɗannan mutane aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su, har suna biyan kuɗi. Uba ya gaji, ɗansa ya sha kodin ya sayar da keken ɗinkin uwarsa, ya zare wa ƙanensa wuƙa. Ofishin 'yan sanda abin kunya ne, asibitin ƙwaƙwalwa kuma ana gudun a ce an yi mahaukaci a gida. Sai ya riƙo hannunsa ya ce, "Malam, ga shi nan, a gyara mini shi." Gidan mari a wannan gurbi ya tsiro.

Gurbin kuwa na ma'aikacin jin daɗin jama'a ne. Shi zai zauna a tabarma ɗaya da uban ya tambaya: yaushe ya fara, da su wa yake zama, ƙwaya ce kawai ko akwai taɓin hankalin da sai likita? Shi zai rubuta wa kotu rahoto idan ƙaramin yaro ne, ya nema masa ogan da zai koya masa walda ko gyaran babur, ya kuma dawo bayan wata guda ya ga ko yana zuwa. Aiki ne na zirga-zirga da haƙuri, ba ya yin hoto mai kyau, wataƙila shi ya sa ba a ganinsa. An hana kodin tun watan Mayun 2018, amma hana kwalba bai warkar da wanda ya riga ya saba ba. Wanda aka kwance wa sarƙa gida ɗaya ya koma, majalisa ɗaya, ga tabo a idon sawu.

A 2020 tambayar ta sake dawowa sau biyu: lokacin da jihohin Arewa suka yi ta mayar wa juna almajirai saboda korona, da kuma Disamba, sa'ad da aka sako ɗaliban Ƙanƙara 344 da aka sace. Wa zai gano gidan yaron da bai san sunan ƙauyensu ba? Wa zai bibiyi wanda ke firgita cikin barci?

Dokoki sun biyo baya. Akwai ta 2022 da ta kafa majalisar kula da wannan aiki, akwai ta lafiyar ƙwaƙwalwa ta Janairun 2023 da ta maye gurbin dokar masu taɓin hankali ta 1958. Sai dai uwar da ɗanta ya kangare a Daura ba takardar doka take nema ba. Idan ta tambayi maƙwabta ina za ta kai shi, kafin a tuna mata da ofishi an riga an kwatanta mata gidan wani malami a wani gari.