Larurar bayan shan inna

Larurar bayan shan inna wani sabon rauni ne da ke samun wasu daga cikin waɗanda suka yi cutar shan inna tun suna yara, bayan jikinsu ya daɗe da daidaita. Yawanci tana bayyana bayan shekara 15 zuwa 40. Ba cutar ce ta dawo ba, kuma ba a ɗaukarta daga mutum.

Tarihi

Likitocin Faransa sun bayyana alamunta tun wajen 1875, amma ba a mayar da hankali kanta ba sai a shekarun 1980, lokacin da waɗanda annobar shekarun 1950 ta shafa a Amurka suka fara kukan sabon rauni. A Najeriya cutar shan inna ta ci gaba da yaɗuwa har bayan wannan lokacin. An dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohin Arewa a 2003, aka dawo da shi a 2004. An ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ke nan da yawa daga masu shan inna a nan har yanzu matasa ne, shekarun larurar suna gabansu.

Dalili da alamu

Ƙwayar cutar tana kashe wasu jijiyoyin laka masu motsa tsoka. Waɗanda suka tsira sai su yi rassa su ɗauki aikin matattun, kuma galibin masana suna ganin wannan nauyi ne ke gajiyar da su. Alamun sun haɗa da kasala mai tsanani, ciwon tsoka da gaɓoɓi, rashin jure sanyi, wani lokaci da wahalar numfashi ko haɗiya.

Kulawa

Ba ta da magani, ba kuma gwaji guda da ke tabbatar da ita. Ana dogara da gashin ƙashi, motsa jiki daidai ƙarfi, hutu tsakanin ayyuka, da takalmin ƙarfe ko sanda.

A Jos, inda sanyin hunturu ke ƙara tsananta ciwon, cibiyar Beautiful Gate da Ayuba Gufwan, wanda shi ma ya yi shan inna, ya kafa tare da Ba'amurke Ron Rice tana ƙera kekunan hannu tana rabawa kyauta. Sai dai shekaru ana tuƙa keke ko dogara sanda kan cinye kafaɗa da wuyan hannu, abin da ba a cika dubawa ba.

A Najeriya, dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta fara aiki a 2019, hukumarta tana Abuja.