Waiwaye: wa ya ba uwa da goyonta ɗaki a Sudan?

A Gadarif, cikin ajin wata makarantar firamare da aka mayar masaukin masu gudun hijira, na tarar da wata ƙanwata ta wajen uwa tana ƙulla soyayyar gyaɗa a leda. Goyo a bayanta, yara biyu a gefenta. Mijinta ya fita neman burodi a Hartum a makonnin farko na yaƙin 2023, har yau shiru. Ta ce mini, "Yaya, wata biyu na yi a harabar coci kafin in samu mota. Sistocin nan ne suka ba ni ɗaki da tabarma, kuma ba wadda ta tambaye ni ina uban yaran." Goggonmu na gefe tana jan carbi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ke dai ki bar faɗar wannan a gaban mutane."

Yadda aka yi 'yar Hausawa Musulma ta sami rufin asiri a gidan Kirista abu ne mai dogon tarihi, ba a wannan yaƙin ya fara ba.

Bishop Daniel Comboni, ɗan Italiya, a Hartum ya rasu a 1881. Ƙungiyar sistocin da ya kafa a 1872 ta fara aikinta ne da 'yan matan da aka fanso daga bauta. Bayan faɗuwar daular Mahadi, Turawan Ingila sun hana 'yan mishan wa'azi a tsakanin Musulmin arewa don gudun tayar da ƙura, sai aikinsu ya koma makaranta da ɗakin shan magani da karɓar haihuwa. Wannan hani shi ya sa mutanen Hartum da Umdurman suka fi sanin coci ta wajen hidima. A 1962 aka yi dokar da ta takura ƙungiyoyin mishan, a 1964 gwamnatin Janar Abbud ta kori baƙin 'yan mishan daga kudu, amma gidajensu na arewa suka ci gaba da aiki.

Shekarar 1983 ce ta sauya komai. Yaƙin kudu ya sake ɓarkewa, Shugaba Numairi ya kawo dokokin shari'a da ake kira dokokin Satumba, fari da yunwa suka biyo baya a 1984 da 1985. Mata suka yi ta kwararowa babban birni da yara, maza sun mutu ko suna daji ko sun ɓace. A farkon shekarun 1990 hukuma ta kwashe su zuwa bayan gari: Jabal Auliya, Mayo, Wad al-Bashir, da Darus Salam wadda mazaunanta suka laƙaba wa suna Jabarona, wato "an tilasta mana". Macen da ba ta da miji ba ta da jari, abin da ya rage mata shi ne wankau a gidajen masu hali, ko sayar da shayi a bakin titi, ko dafa giyar gida, wato marisa da araƙi. Na ƙarshen nan ya cika kurkukun mata na Umdurman da iyaye, da yawa da jarirai a hannu. Mai shayi ma ba ta tsira ba, kullum ana kwashe mata kujeru da butoci, har aka soke dokar kula da ɗa'ar jama'a a Nuwamban 2019.

A waɗannan unguwanni ne ƙungiyar St. Vincent de Paul ta buɗe wuraren ciyar da ƙananan yara da koyar da sana'a, cocin Katolika kuma a ƙarƙashin Akbishop Gabriel Zubeir Wako ta kafa makarantun rumfa don 'ya'yan masu hijira. Yawanci ba gidaje aka gina wa matan ba. Abin da suka samu shi ne kofin madara ga yaro, da wurin ajiye shi da rana, da keken ɗinki. Amma duk wadda ta taɓa rainon yara ita kaɗai ta san darajar wurin da za ta bar ɗanta ta tafi neman abinci hankali kwance.

Akwai kuma wata uwar da ba a son ambatonta, wadda ta haihu ba aure. Dokar laifuffuka ta 1991 ta tanadi bulala 100 ga marar aure da aka kama da zina, kuma an daɗe ana ɗaukar ciki a matsayin shaida. Tsoron bulala da na abin kunya ya sa ake jefar da jarirai a kwata da juji. Binciken da gwamnati ta yi da UNICEF a 2003 ya gano ana yar da jarirai kusan 110 kowane wata a Hartum, rabinsu na mutuwa kafin a kai musu ɗauki. Waɗanda aka tsinta da rai ana kai su gidan marayu na Maigoma da aka buɗe a 1961, inda daga 1998 zuwa 2003 aka karɓi yara 2,500, 2,100 suka rasu. Sauƙi ya zo ta hannun malaman Musulunci: fatawar 2006 ta ce tsintaccen jariri maraya ne, kuma ciki kaɗai ba hujjar zina ba ne. Iyalai suka fara karɓar riƙo ta hanyar kafala. Alheri ne babba, ba na raina shi. Sai dai jaririn aka nema wa gida. Uwar da ke son ta riƙe abinta ta shayar da shi, ita ba a tanadar mata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Da yaƙi ya zo a Afrilun 2023, yara fiye da 50 suka mutu a Maigoma cikin 'yan makonni, kafin Red Cross ta kwashe kusan 300 zuwa Madani a watan Yuni, daga baya aka sake gudu da su Kasala.

Mu Hausawa mun daɗe muna ganin wannan matsalar wasu ce. Tun da kakanninmu suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda hanyar Makka ta ajiye a Jazira da Gadarif, bazawara gidan ubanta take komawa. Ta dama godogodo, ta soya gyaɗa, yara su kai talla, ta shiga adashi, kafin wani ya fito. Tsarin yana tafiya matuƙar gidan uban yana tsaye. Rikicin Blue Nile na Yuli da Oktoban 2022 ya ƙone garuruwanmu, ya bar mata da takaba a makarantun Damazin. Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙar sojojin gwamnati a Disamban 2023, Sinja ta biyo baya a 2024. Bazawara ta waiga, uban nata ma a kan tabarmar aro yake kwana.

A unguwar Shajara da ke kudancin Hartum akwai gidan sistocin Salesian mai suna Dar Mariam. Sistoci biyar da wani fada ɗan Indiya suka ƙi tafiya, suka riƙe mutane kusan 80, yawancinsu mata da yara. A Nuwamban 2023 bom ya faɗa kan ginin. A Disamba aka buɗe wa ayarin Red Cross da ya je fitar da su wuta, mutum biyu suka mutu. Abinci ya ƙare har aka koma dafa wa yara ganyen bishiya. Sai a daminar 2024 aka fitar da su zuwa Umdurman.

Na fahimci tsoron Goggo, tana gudun a ce jikokinta sun ci tuwon coci sun bar salla. Ƙanwata dai da sallarta ta shiga, da ita ta fito, ta ce har buta suka nemo mata. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen ciyarwa: tukwanen takiyya da matasan unguwa suka ɗora sun rayar da dubban mutane, Musulmi da Kirista. Amma tukunya ba ta maye gurbin ɗaki mai ƙyaure. Muna da zakka, muna da waƙafi, muna da attajiran riɗi da dawa a Gadarif, kuma ban ga abin da zai hana a ware ɗakuna goma a bayan masallaci don mata masu goyo ba, ba tare da an fara tuhumarsu ba.

An faɗa wa su ƙanwata za a buɗe makarantar, kowa ya nemi inda zai koma. Ta je gida huɗu neman haya da kuɗin gyaɗarta a ƙulle a bakin zane. A uku daga cikinsu, tambayar farko ita ce ina mijinta.