Tsuke Bakin Aljihu: Wane Aljihun?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, akwai wata magana da ta hana kunnuwanmu sakat. Ka kunna rediyo da safe ka ji ta, ka kunna da daddare ka ji ta: a tsuke bakin aljihu. Kwamishina ya faɗa, mai sharhi ya faɗa, mai gabatar da shiri ya maimaita. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000, kuma duk tsallen da ta yi sai a sake ɗauko mana wannan nasihar kamar yau aka ƙera ta.

Da a bakin masu mulki ta tsaya, da na yi shiru. Abin da ya tayar da ni wani rahoto ne da muka saurara ni da Baffana a dakalin ƙofar gida, a ƙauyenmu na ƙasar Ringim. Mai rahoton ya ce magidanta a karkara "sun tsuke bakin aljihu, inda da yawa suka koma cin abinci sau ɗaya a rana". Baffa ya rage murya, ya dube ni, ya ce, "Kai ɗan nan, wannan yaron Bahaushe ne kuwa?"

Bahaushe ne, Baffa. Hausar ce ya sa a inda ba gurbinta ba.

A fara da aljihun kansa. Kalmar aro ce daga Larabci, al-jaib, kuma a can asali tana nufin wuyan riga, wato buɗaɗɗen nan na ƙirji, irin wanda aka ce wa Annabi Musa ya sa hannunsa a ciki. Dubi babbar riga, ai a ƙirji aljihunta yake. To, aljihun riga ba shi da zariya, ba a tsuke shi. Abin da ake tsukewa lalita ce, ko jaka, ko bakin buhu: abu mai igiya wanda ake ja ya matse. Jakar ma ai ita ta zama sunan kuɗi, shi ya sa dattawa har gobe in sun ce jaka ɗaya naira 200 suke nufi, gadon zamanin fam ɗari. Duk inda ka juya hoton, abu ɗaya yake nunawa: akwai wani abu a ciki, kuma mai shi yana rage faɗin ƙofar don kada ya zube da sauri. Tsukewa zaɓi ne. Mai shi zai iya saya, ya ce ba yau ba. Babu wanda ya taɓa ɗaure bakin buhun da babu ko tsaba a ciki.

Da wannan ma'anar maganar ta yi suna, kuma a kan gwamnati ta yi shi. Da farashin mai ya faɗi a 1982 gwamnatin Shagari ta fito da matakan rage kashe kuɗi, a 1986 Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, masu fassarar labarai suka riƙa cewa "tsuke bakin aljihun gwamnati". Fassara ce mai kyau, na yaba wa wanda ya fara ta. Gwamnati tana da aljihu, aljihun yana da baki, bakin kuma ya cika faɗi. Ko a Janairun 2024 da fadar shugaban ƙasa ta ce ta rage yawan 'yan rakiyar tafiye-tafiye da kashi 60 cikin ɗari, sunan abin ke nan, ko da kuwa watanni kaɗan kafin nan jaridu sun cika da labarin tsala-tsalan motocin 'yan majalisa. Ban san ranar da "gwamnati" ta zame daga ƙarshen jimlar aka sa talaka a wurinta ba, amma an yi.

Abin da mutumin ƙauye yake yi yana da sunayensa tun kafin a haifi rediyo, kuma ba guda ɗaya ba ne. Akwai tsimi, wato cin abu a hankali don ya daɗe, kamar rigar da ba ta fita daga adaka sai Juma'a da Salla. Akwai tanadi, wanda gaba yake kallo, don ba a fafe gora ranar tafiya. Su biyun nan aka haɗa aka raɗa wa ilimin kuɗi da kasuwa suna, tsimi da tanadi. Sannan akwai babbar yayarsu, tattali, wadda ita ce ta fi shan wahala a bakin 'yan boko, don sun liƙa mata "arziki" sun mayar da ita maganar Babban Banki. Alhali tattali kulawa ce. Ana tattalin jariri, ana tattalin miji, ana tattalin ɗan maraƙin da uwarsa ta mutu. Ba hanawa a cikinta ko kaɗan. Wanda ya yi tattalin abu so yake abin ya rayu ya yi amfani.

In kana son ganin tattali da idonka, kada ka leƙa aljihun kowa, zagaya bayan gida ka dubi rumbu.

A gidanmu, da kaka ta yi aka ɗaure gero, Baffa yakan ƙirga dammuna a gona, cikin kowane goma ya ware ɗaya na zakka, sauran a kai gida. Ba a sussuke su. Da zangarniyarsu suke shiga rumbu, don gero a zangarniya ya fi jure ƙwari, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san shawarar da Annabi Yusuf ya ba mutanen Masar ke nan: abin da kuka girbe ku bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za ku ci. Akwai kuma wata hikimar da ba a faɗa. Hatsin da yake a buhu, ɗiba ɗaya ne ya tafi kasuwa. Wanda yake a dami kuwa sai an hau rumbu, an sauko da shi, an yi sussuka, an sheƙe. Kafin a gama wannan, sau da yawa buƙatar da ta taso ta huce.

Babban rumbun kuma, na gandu, ana liƙe shi ne. Ba a buɗewa sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da jiki yake buƙatar tuwo mai nauyi kuma hatsi ya fi tsada a kasuwa. To me ake ci daga hunturu zuwa bazara? Ƙaramin rumbu, da wake, da abin da gayauna, wato 'yar gonar da mutum yake noma wa kansa, ta bayar, da sana'ar mata. Maza majiya ƙarfi kuwa sai su bar garin. Saurari kalmar da kyau: cin rani. Ba aikin rani aka ce ba, ba neman kuɗi aka ce ba. Mutum ya tafi Kano ko Kurmi ya cinye ranin a can, bakinsa ya fita daga lissafin gida. In ya dawo da kuɗin taki da turmin atamfa, riba ce. In bai dawo da komai ba, ai ya bar wa rumbu abincin wata huɗu ko biyar. A gidan da kwano biyu ke ƙarewa kullum, buhu mai kwano 40 kwana 20 yake yi. Cire samari uku daga gidan ka sake lissafi. Wannan dabarar ta girmi naira, ta girmi fam, kuma babu aljihu ko ɗaya a cikinta.

Sai dai ita ma fetur ya kama ta. Kuɗin motar zuwa Legas ko Fatakwal yanzu yakan cinye abin da mutum zai yi tsiminsa, sai ka ga saurayi ya yi lissafi ya zauna, rumbu ya ci gaba da jin nauyinsa.

Cikin gida kuwa, mulkin Inna ne, kuma zani ba shi da aljihu. Kuɗinta a ƙulle suke a haɓar zani, ko a asusu, ko a hannun uwar adashi, ko kuma suna yawo a tsakar gida da ƙafa huɗu suna cin dusa. Dami ɗaya in ya faɗa hannunta babu abin da yake zuwa juji. Tsaba ta zama tuwo da fura da koko. Dusa ta awaki ce, ƙasarin da aka wanke surfe da shi su za su sha. Kara ya yi danga ko ya shiga murhu, tokar a tace ta a yi ruwan toka a huta da sayen kanwa, kashin awakin ya koma gona. Ƙanzon da ya kama gindin tukunya a kankare shi a shanya, wata rana a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, yara su yi ta rububi ba su san abincin ranar babu ake ba su ba. Da damina ta shanya kuɓewa da kuka da yakuwa da zogale, da rani ta huta da cefane. Ban taɓa jin ta kira wannan da wani suna ba. In maƙwabciya ta tambaye ta ya gida, sai ta ce, "Muna lallaɓawa." Matan yanzu sukan ce ana maneji.

A nan zan yarda cewa ina da ɓangare. Ni a wurina wannan ilimi ne, kuma yana min ciwo in ji wanda bai san kwano nawa gidansa ke ci ba yana koya wa Inna shi ta rediyo.

Tattali yana da maƙwabta biyu da ake yawan rikita shi da su. Na farko rowa, da 'yan uwanta maƙo da ƙwauro. Bambancin a bayyane yake: mai tattali yana auna abinci ne don ya kai kowa har kaka, marowaci yana aunawa ne don kada ya kai kowa. Suratul Furƙan ta yabi waɗanda in sun ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙuntatawa, suna tsakatsaki. Amma tun da wannan maganar ta zama yayi, na ga maigidan da buhunansa suke jibge yana jiran farashi ya hau a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ya rage awon gida, in matarsa ta ce, "Malam, garin ba zai kai dare ba," ya ce ai gwamnati ma ta ce a tsuke bakin aljihu. Kalmar ta zama masa mayafi.

Maƙwabci na biyu shi ne ya sa Baffa ya rage muryar rediyo. Sunansa babu. Wanda ya sayar da gero da kaka a kan araha don ya biya bashin taki, sannan ya dawo cikin marka yana sayen geron nan da tsada kwano-kwano, bai tsuke komai ba. Gidan da ya koma tafasa da rama zalla a watan Agusta bai tsuke komai ba. A farkon 2024 an yi ta ba da labarin yadda mutane a Kano suka koma sayen afafata, ragowar shinkafar inji wadda a da kifi ake ba. Wannan ba tsimi ba ne. A Disamban shekarar nan hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kuma mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli bai san hanyar gidan manomi ba, don manomi ba ya ɗaukar albashi. In ka kira cin abinci sau ɗaya "tsuke bakin aljihu", ka mayar da yunwa ta zama shawarar da mutum ya yanke, har ka ba shi lambar yabo a kai. Wanda ya yi zaɓi kuma ba a bin kowa bashin bayani a kansa. Shi ya sa maganar take da daɗi a bakin ɗan siyasa.

Akwai wani wuri a tsakani da ni kaina nake rasa sunan da zan ba shi. Da kuɗin niƙa ya tashi, matan unguwarmu da yawa suka koma turmi, wasu har dutsen niƙan da aka jingine shekaru suka wanke. Yaran da ake ɗauka a babur zuwa sakandaren gari suka koma tafiyar ƙasa. Kuɗi dai an rage kashewa, gaskiya ne. Amma abin da aljihu bai biya ba, kafaɗa da ƙafa ne suka biya. Mai rahoto zai ce tsukewa ce. Ni na ga an dai sauya mai biyan ne.

Da hatsi ya sauko a 2025 aka sassauta faɗar maganar a rediyo, kamar an warke. A ƙauye kuwa sabon lissafi ya taso, don hatsi ya faɗi amma taki bai bi shi ba, manomi ya koma ƙirga buhu nawa zai sayar kafin ya ɗauki buhun taki ɗaya. Daminar da ta biyo Baffa bai sayi na kanti ba sai kaɗan. Tun bazara ya sa yara suka yi ta jigilar takin gida da amalanke, ya rage masara, ya ƙara gero da wake waɗanda ba su cika kwaɗayin taki ba. Na tsokane shi na ce, "Baffa, kai ma ka tsuke bakin aljihu ke nan." Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zazzago shi waje. Carbi ne a ciki, da ɓarin goro, da wata tsohuwar takardar asibiti. Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya ce in tashi in taya yara lodi kafin rana ta yi zafi.