Mol

Mol shi ne ma'aunin yawan sinadari a tsarin awo na ƙasa da ƙasa da ake kira SI, kuma ɗaya ne daga cikin ma'aunai bakwai na tushe, tare da mita, kilogiram, sakan, amfiya, kelbin da kandela. Mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³ cif-cif, adadin da ake kira adadin Avogadro. Ƙwayoyin nan suna iya zama atam (ƙwayar sinadari mafi ƙanƙanta), ko molikul (atam da suka manne da juna), ko ayon (atam ko molikul mai cajin lantarki), ko ilektaron (ƙaramar ƙwaya mai caji da ke cikin atam), don haka wajibi ne a ambaci wace ƙwaya ake nufi. Mol ɗaya na atam ɗin oksijin giram 16 ne, amma mol ɗaya na iskar oksijin, wadda atam ɗinta ke tafiya biyu-biyu, giram 32 ne.

A ma'ana, mol sunan adadi ne, kamar yadda dozin yake 12, ƙwaryar goro kuma 100. Bambancin yana ga girma. Da mutum zai ƙirga ƙwaya ɗaya a kowane sakan ba hutawa, kafin ya kai mol ɗaya sai ya ninka shekarun da masana suka ƙiyasta wa sararin samaniya fiye da sau miliyan. Amma duk wannan adadi na molikul ɗin ruwa giram 18 ne kacal, ya ɗan ɗara cikin babban cokali. Tunda ba mai iya ƙirga atam da hannu, sai a ɗora sinadari a kan sikeli, a fitar da yawan ƙwayoyinsa daga nauyinsa, kamar yadda mai sayar da ƙusa yake auna ta maimakon ya zauna ƙirga.

Asalin lissafin nauyi

Lissafin ya girmi ma'aunin da kusan ƙarni guda. A 1789 Antoine Lavoisier na Faransa ya bayyana cewa nauyin abubuwan da suka shiga haɗin sinadarai daidai yake da nauyin abubuwan da suka fito. A 1792 Bajamushe Jeremias Richter ya raɗa wa wannan fanni sunan sitoikiyometri, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin asalin abu da awo, bayan ya lura cewa nauyin asid da ke kashe kaifin wani nauyi na alkali ba ya canzawa. A cikin shekarun 1790 ne kuma Joseph Proust ya nuna cewa kowane sinadari tsantsa yana da kaso tsayayye na abubuwan da suka haɗa shi, ko daga ina aka samo shi.

John Dalton na Ingila ya ba wa wannan tsari dalili. Wajen 1803 ya fara tsara jadawalin nauyin atam, ya ɗauki haidirojin a matsayin 1, ya gwada sauran a kansa. Matsalarsa ita ce sikeli yana faɗin nauyi ne kawai, ba ya faɗin atam nawa suka haɗu. Dalton ya ɗauka cewa ruwa atam ɗaya ne na haidirojin da ɗaya na oksijin, saboda haka nauyin da ya ba oksijin bai wuce rabin na gaskiya ba. Jöns Jacob Berzelius na Suwidin ya yi awo mafi inganci ƙwarai, amma shi oksijin ya ɗauka a matsayin 100.

Avogadro da shekaru hamsin na ruɗani

A 1808 Joseph Louis Gay-Lussac ya gano cewa iskokin gas suna haɗuwa bisa kaso mai sauƙi idan aka auna su da mazubi: awo biyu na haidirojin da awo ɗaya na oksijin suna ba da awo biyu na tururin ruwa. Amedeo Avogadro (1776–1856), mutumin Turin na Italiya wanda lauya ne kafin ya koma kimiyya, ya kawo bayani a 1811. Ya ce mazubi biyu masu girma ɗaya, idan aka cika su da gas daban-daban a zafi ɗaya da matsi ɗaya, to yawan molikul ɗin da ke cikinsu ɗaya ne. Idan kuwa haka ne, awo ɗaya na oksijin ba zai wadaci awo biyu na tururi ba sai idan kowane molikul na oksijin yana rabuwa gida biyu. Daga nan aka fito da H₂, O₂ da H₂O.

Ba a saurare shi ba. André-Marie Ampère ya zo da makamancin ra'ayin a 1814, shi ma bai yi tasiri sosai ba. Ana yawan danganta wannan da ra'ayin Berzelius, wanda ke ganin atam suna haɗuwa ne saboda cajin lantarkinsu ya saɓa, don haka atam biyu iri ɗaya ba su da dalilin mannewa da juna. Abin ya kai ga kowane masani da jadawalinsa. August Kekulé ya taɓa jera hanyoyi 19 da ake rubuta sinadarin da ke ba ruwan khal tsami, duk abu ɗaya.

Don warware wannan aka kira taron Karlsruhe a Jamus a watan Satumba na 1860, inda masana kimanin 140 suka hallara. An tashi ba a cimma matsaya ba, sai dai a ƙarshe an rarraba wata 'yar ƙasida da Stanislao Cannizzaro ya rubuta a 1858, wadda ta nuna dalla-dalla yadda ra'ayin Avogadro ke ba da nauyin atam guda ɗaya tak ga kowane sinadari. Cikin waɗanda suka tafi gida da ita har da Lothar Meyer da Dmitri Mendeleev, waɗanda daga baya suka tsara jadawalin sinadarai. Avogadro ya riga ya rasu shekara huɗu kafin taron.

Sunan

Kalmar ta fito ne daga Jamusanci. Wilhelm Ostwald ne ake danganta ta gare shi, a tsakiyar shekarun 1890, wasu majiyoyi na cewa 1893, wasu 1894. Ya gutsuro ta ne daga kalmar molikul, kuma abin da yake nufi shi ne nauyin molikul idan aka rubuta shi da giram. Ba adadi yake nufi ba. Hasali ma Ostwald yana cikin manyan masanan da a lokacin ba su yarda atam abu ne na zahiri ba, yana kallon sa a matsayin dabarar lissafi kawai, kuma bai sauka daga wannan ra'ayi ba sai wajen 1908 zuwa 1909. An daɗe ana amfani da kalmomin "giram-atam" da "giram-molikul" tare da mol, har yanzu ana cin karo da su a tsofaffin littattafan makaranta.

Neman adadin

Avogadro bai taɓa sanin adadin da ake kira da sunansa ba. Wanda ya fara kusantar sa shi ne Josef Loschmidt na Ostiriya, wanda a 1865 ya ƙiyasta girman molikul ɗin iska, abin da ya ba da damar lissafa yawansu a cikin mazubi. Shi ya sa tsofaffin littattafan Jamusanci suke kiran adadin da sunan Loschmidt, kuma har yau akan ga harafin L a madadinsa.

A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa rawar da ƙananan ɓurɓushi ke yi a cikin ruwa, wadda ake gani da madubin likita, sakamakon bugun da molikul ke yi musu ne, kuma daga nisan tafiyarsu za a iya fitar da adadin. Jean Perrin na Faransa ya yi gwajin da ƙananan ƙwayoyin ƙaro, ya sami adadi kusa da 7 × 10²³. Abin da ya fi gamsar da masu shakka shi ne hanyoyi da dama da ba su da alaƙa da juna duk sun faɗa kusa da wuri guda. Perrin ne ya ba da shawarar a sa wa adadin sunan Avogadro a 1909, ya kuma sami kyautar Nobel a 1926. Gwajin ɗigon mai na Robert Millikan a Amurka ya buɗe wata hanya: idan aka raba cajin mol ɗaya na ilektaron, kimanin kulom (ma'aunin cajin lantarki) 96,485, da cajin ilektaron guda, sai adadin ya fito.

Daga oksijin zuwa kabon

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, ana gwada nauyin atam ne da oksijin a matsayin 16. A 1929 aka gano cewa oksijin ɗin iska gauraye ne, akwai kaɗan masu nauyin 17 da 18 a ciki. Masana fizik suka riƙe oksijin-16 zalla, masana sinadarai suka ci gaba da gaurayen, sai aka wayi gari da jadawali biyu masu ɗan bambanci. Ƙungiyoyin ɓangarorin biyu sun sasanta a 1960 da 1961 a kan kabon-12, wato nau'in kabon mai nauyin 12, a matsayin ma'auni. A 1971 babban taron awo na duniya karo na 14 ya shigar da mol cikin ma'aunan tushe, a matsayin yawan sinadarin da ƙwayoyinsa suka kai yawan atam ɗin da ke cikin kilogiram 0.012 na kabon-12.

A wannan ma'ana, nauyi ne tsayayye, adadin kuwa sai an auno shi a ɗakin gwaji. Awo mafi inganci an yi shi ne da dunƙulen silikon-28 mai nauyin kilogiram ɗaya, faɗinsa kusan milimita 94, wanda aka tace a Rasha, aka raini ƙanƙararsa a Jamus, aka goge shi a Ostareliya. Da yake atam ɗin silikon a jere suke bisa tsari, sanin girman dunƙulen da tazarar da ke tsakanin atam ya isa a lissafa yawansu. A ranar 16 ga Nuwamba 2018, taro karo na 26 da aka yi a Versailles ya juya lamarin, ya tsayar da adadin a 6.02214076 × 10²³, dokar ta fara aiki 20 ga Mayu 2019. Yanzu nauyin mol ɗaya na kabon-12 shi ne abin aunawa, ko da yake tazararsa da giram 12 ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biliyan ba, abin da sikelin ɗakin gwaji na yau da kullum ba zai gani ba.

Lissafi

Tushen lissafin shi ne n = m ÷ M, wato yawan mol daidai yake da nauyin abu a raba da nauyin mol ɗaya nasa. Ana samun M ta hanyar tara nauyin atam ɗin da ke cikin sinadarin. Ruwa, H₂O, yana da 1 + 1 + 16 = 18, don haka giram 36 na ruwa mol 2 ne. Gishirin miya, NaCl, yana da kusan 58.44.

Lambobin da ke gaban sinadarai a daidaitaccen jimlar haɗi kason mol suke nunawa, ba na giram ba, kuma nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. A haɗin amoniya, N₂ + 3H₂ → 2NH₃, mol 1 na naitirojin yana buƙatar mol 3 na haidirojin, wato giram 28 da giram 6, su ba da giram 34. Idan giram 3 kawai na haidirojin aka samu, shi zai fara ƙarewa: giram 17 na amoniya za su fito, giram 14 na naitirojin su yi saura. A aikace abin da ake samu yakan gaza abin da lissafi ya nuna, sai a rubuta shi a matsayin kashi cikin ɗari.

Haka ake yi wa farar ƙasa da ake gasawa a masana'antar siminti, irin ta Kalambaina a Sakkwato ko ta Malbaza a Nijar. CaCO₃ → CaO + CO₂, nauyinsu 100, 56 da 44. Ke nan duk tan 100 na dutsen tsantsa, tan 44 iska yake bi, ban da hayaƙin makamashin da aka ƙona. Takin yuriya, CO(NH₂)₂, nauyinsa 60, naitirojin ɗin ciki 28. Rabawa yana ba da kashi 46 da ɗoriya, shi ne lambar 46 da ake bugawa a jikin buhu. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kimanin kilo 23 na naitirojin.

Ga abin da aka narkar a ruwa, ana auna kauri da mol a kowace lita. Ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya yana da giram 9 a lita, wato mol 0.154. Idan mililita 20 na asid HCl mai kaurin 0.1 ya kashe kaifin mililita 25 na alkali NaOH, to mol 0.002 ne a kowane ɓangare, kaurin NaOH ɗin kuma 0.08.

Mol ɗaya na gas yana cika lita 22.4 a zafin digiri 0 da matsin iska na gaɓar teku, kuma wannan ne adadin da jarrabawar WAEC da NECO suka saba bayarwa. Ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, ta koma matsin kilofaskal 100 tun 1982, wanda ke ba da lita 22.7. A zafin ɗaki adadin kusan lita 24 ne.

A asibiti

Ana rubuta sakamakon sukarin jini da milimol a lita, ko da miligiram a desilita. Nauyin mol na gulukos kusan 180 ne, shi ya sa ake raba adadin miligiram da 18: 126 ya zama 7.0.

Saɓani

Wasu masana awo suna ganin mol ba ma'aunin tushe ba ne, adadi ne kawai da aka ba suna. Wasu kuma suna ƙorafi a kan kalmar "yawan sinadari" da kan raba mol da kabon-12. Hukumomin awo ba su sauya matsayinsu ba.

A makarantun Amurka akan yi bikin Ranar Mol duk 23 ga Oktoba, daga ƙarfe 6:02 na safe zuwa 6:02 na yamma, saboda a can ana rubuta kwanan watan 10/23, sai lokacin da kwanan watan su yi kama da 6.02 × 10²³.