Ba yawan taki da ruwa ke kawo zaƙin inabi ba

A kasuwar Mile 12 da ke Legas, idan 'yan uwanmu masu kayan marmari suka buɗe kwalin inabin Masar ko na Afirka ta Kudu, sai ka ji ana cewa ai ƙasarsu ce ta ƙoshi da taki da ruwa, shi ya sa zaƙi. Maganar ta daɗe a bakin mutane, amma ba haka take ba.

Kurangar inabi idan ta samu ruwa da taki fiye da kima, ganye take tarawa, 'ya'yan su kumbura su yi salam. Inda ta ɗan sha wuya, kamar ƙasar tsakuwa ta yankin Bodo a Faransa wadda ba ta riƙe ruwa, 'ya'yan kan fito ƙanana, da ɓawo mai kauri. A ɓawon nan kuwa launi da ƙamshi da ɗan baurin da ke kama harshe suke. Hasken rana ke tara sukari, sanyin dare ya hana tsamin gushewa. Shi ya sa Faransawa ke sayar da giyar inabinsu da sunan yanki, har da doka tun 1935.

Wasu kan ce ɗanɗanon tsakuwar ke shiga inabin, amma saiwa ba ta tsotso ɗanɗanon dutse. Ruwa da narkakkun sinadarai kaɗai take ɗauka.