Me ake nufi da “tsare hanyar numfashi” a tiyatar haihuwa?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai naƙuda a asibitin Shika ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a Zariya ya san tambayar da ake yi kafin a shiga da mace ɗakin tiyata: “Hajiya, yaushe rabonki da abinci?” Tambayar tana da nasaba da abin da likitoci ke kira tsare hanyar numfashi, wato tabbatar da cewa iska na wucewa daga baki zuwa huhu, kuma abin da ke tumbi bai bi ta nan ba.

Galibi allurar baya ake yi, mace na ji tana gani a ciro jaririnta. Amma idan jini ya ɓalle, ko jijjiga ta yi tsanani, ko jaririn ya galabaita har babu lokacin jira, sai a sa ta barci gaba ɗaya. Maganin da ake haɗawa da shi yana sassauta naman jiki har numfashi ya tsaya, don haka ake zura siririn tiyo ta maƙogwaro, na'ura ta riƙa hura mata iska.

Ga mai juna biyu aikin ya fi wuya. Maƙoshi kan kumbura, musamman ga mai hawan jini. Mahaifa ta tokare huhu, iskar da ke ajiye ta ragu, ga jiki na shan oksijin fiye da da. Shi ya sa ake ɗora mata abin shaƙar oksijin kamar minti 3 kafin a sa ta barci, kuma ake cewa ta buɗe baki ta zaro harshe a duba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tumbi. Ƙwannafin da masu ciki ke kuka da shi alama ce cewa bakin tumbi ya saki, naƙuda kuma na hana abinci wucewa da wuri. Tana barci ba ta iya tari, sai tsamin ciki ya gangara huhu ya ƙona shi. Likita Curtis Mendelson na Amurka ya bayyana wannan tun 1946. A 1961 Brian Sellick na Ingila ya kawo dabarar danna wani guringuntsi a wuya don toshe hanyar abinci har tiyon ya zauna.

To, uwa ko suruka takan ba mai naƙuda kunu a ɓoye don tausayi, a tambaya a ce ba ta ci komai ba. Don Allah a faɗa. Ba za a fasa aikin gaggawa saboda kofin kunu ba, shiri kawai za a ƙara. Wadda aka sa wa ranar tiyata kuwa, awa 6 ake so ba abinci, awa 2 ba ruwa.

Ba a zare tiyon sai ta farka ta iya haɗiya. Kaushin murya da ciwon maƙogwaro da kan biyo baya suna wucewa cikin 'yan kwanaki.